Zaman mako biyu a Aswan ni kaɗai da jakar goyo: yaya ake tafiyar da yini?

Baƙon Nilu:

Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin zuwa Masar ni kaɗai, ba cikin ayari ba, ba kuma ta hannun kamfanin yawon buɗe ido ba. Jakar goyo ɗaya zan ɗauka. Zan sauka Alƙahira daga Kano, in kwana biyu, sannan in gangara kudu zuwa Aswan, inda nake son in zauna kamar mako biyu a bakin kogin Nilu. Wuraren tarihi na riga na san sunayensu, ba su ne damuwata ba. Abin da nake nema shi ne zaman yau da gobe. A wane ɓangaren gari ya kamata in kama ɗaki? Yaya ake tsallaka kogin ba tare da an tatse mutum kullum ba? Me ake ci da arha wanda ba zai ɓata ciki ba? Ruwan sha, wanki, canjin kuɗi, layin waya, duk ina son bayani. Larabcina na makarantar Islamiyya ne, ban taɓa jin na Masar a bakin masu shi ba. Aljihun kuma ba mai nauyi ba ne. Wanda ya san garin ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malamin Hanya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abu biyu ne ke mulkin yininka a Aswan: rana da jirgin fito. In ka tsara kanka a kansu, sauran duk mai sauƙi ne.

Fara da wata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa. Da rana akwai ɗumi mai daɗi, da dare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10 a Disamba da Janairu, musamman a bakin ruwa, don haka rigar sanyi ɗaya ba ta zama kayan banza a jaka. Daga Mayu zuwa Satumba kuwa digiri 42 abin yau da kullum ne, wani lokaci ya haura 45. Ka ɗauki zafin Sakkwato na watan Afrilu ka ɗora masa duwatsu masu riƙe wuta har bayan isha'i. Ruwan sama ba a maganarsa a can, shekara kan wuce ba a ga ɗigo ba.

Garin kansa yana gabashin kogi. Titin bakin ruwa, Kornish, shi ne ƙashin bayansa. Bayansa kaɗan akwai titin kasuwa da ya taso daga tashar jirgin ƙasa ya miƙe kudu. Wurin kwana kashi uku ne.

Na farko, ƙananan otal-otal na kusa da tasha da kasuwa. Su ne mafi arha, abinci da banki da kantin magani duk a ƙafa. Illarsu hayaniya: kasuwar ba ta kwanciya da wuri, ga hon ɗin motoci. Kafin ka biya ka hau ka ga ɗakin, ka kunna famfon wanka ka jira ruwan zafi ya zo, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ka ji ƙararta, ka ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa saboda kuɗin cizo. Ka nemi ɗakin da tagarsa ba ta kallon titi.

Na biyu, tsibirin Elefantin da ke tsakiyar kogi, daidai gaban Kornish. Ƙauyukan Nubiyawa biyu ne a kansa, Siyu da Koti. Babu mota ko ɗaya, sai lunguna, gonaki, awaki da gidaje masu fenti. Mutanen wurin sun mayar da gidajensu masauki, yawanci da karin kumallo a kan soro. Ga mai zaman mako biyu shi kaɗai, nan na fi ba da shawara, domin masu gida kan san inda ka nufa da lokacin da ya kamata ka dawo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba shi da abokin tafiya.

Na uku, yammacin kogi, wato Garb Aswan da Garb Suhel. Akwai kyau da shiru, amma Garb Suhel ya yi nisa da gari, kusa da tsohuwar madatsar ruwa ta 1902, kuma kowace fita sai ka biya kwalekwale ko mota. Kwana ɗaya ko biyu ya ishe ka a can.

Yanzu batun fito. Jiragen da ke kan ruwan iri uku ne, kuma rashin bambance su shi ke cinye kuɗin baƙo. Akwai jirgin fito na jama'a, wanda 'yan gari ke kira ma'addiya: yana da mashiga tsayayya a Kornish, yana kai da kawowa tun asuba, tsallakawar 'yan mintuna ce, kuɗinsa kaɗan ne ko da an caje ka farashin baƙi. Akwai kwalekwale mai inji na haya, wanda kai kaɗai za ka biya. Akwai kuma faluka mai tafiya da iska, wadda ta shaƙatawa ce, ba ta sauri ba. Da ka doshi bakin ruwa da jaka a baya, masu haya za su tare ka, wani ma ya ce maka jirgin jama'a ya tashi aiki. Kada ka tsaya musu. Ka duba inda mata masu kayan cefane da 'yan makaranta ke gangarawa ka bi su. A cikin jirgin mata na zama gaba, maza baya. Ka lura kafin ka zauna. Ka riƙe kuɗin daidai a hannu, domin mai karɓa ba zai nemo maka canjin takardar fam 200 ba. Akwai wani jirgin na babban otal mai hasumiya da ke arewacin tsibirin, shi cikin harabar otal ɗin yake sauke mutane, ba ƙauye ba. Na zuwa yamma, wajen kaburburan Ƙubbatul Hawa, mashigarsa daban ce, arewa da tashar jirgin ƙasa.

Ranar da ka iso ka tambayi mai masaukinka ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke tashi, ka kuma karɓi lambar wani mai kwalekwale da ya amince da shi. Wanda ya makara a gari ya tarar an ɗaure jirgi ba shi da bakin ciniki, abin da aka yanka masa shi zai biya.

Tsarin yini kuwa: bayan asuba ka fita, duk wani wuri mai tafiyar ƙafa ko hawan tudu ka gama da shi kafin ƙarfe 11. Daga azahar zuwa la'asar ka zauna inuwa, ka yi wanki, ka yi barci, ko ka shiga gidan tarihin Nubiya da aka buɗe a 1997, mai sanyi a ciki. Bayan la'asar iska kan taso, lokacin ruwa ke nan. Bayan magariba gari ke farkawa, kasuwa ta cika, iyalai su fito Kornish. Cefane da cin abincin dare duk a wannan lokacin ne.

Wanki ba matsala ba ne. Riga uku, wando biyu sun isa, don abin da ka shanya a soro da azahar ya bushe kafin la'asar. Ka tafi da igiya mai tsawon mita uku da 'yan maƙalai, saboda iskar yamma na kwashe kaya ta kai gidan maƙwabta.

Hajiya Mai Lalle:

Malamin Hanya ya gama da masauki, bari in ɗauki ciki, tunda shi ke kwantar da matafiyi.

Ƙanena, abincin Aswan ba zai yi maka baƙunta ba. Da safe ana cin ful, wake ne babba da aka dafa dare guda a tulun ƙarfe, a zuba mai, gishiri, lemun tsami da kamun. Tare da shi akwai ta'amiyya, ƙosai ne na wannan waken da ganye a ciki, sai gurasa. A kudancin Masar akwai wata gurasa mai kauri, esh shamsi, wadda ake barin ƙullinta ya tashi a rana kafin a gasa. A gidajen tsibiri za ka fi samunta, tana riƙe ciki har azahar. Da rana koshari ne abincin mai ƙaramin ƙarfi: shinkafa, taliya, adas (wani ƙaramin wake), miyar tumatir da soyayyar albasa. Girman kwano kawai za ka zaɓa, kuma farashin a rubuce yake a bango. Molokiyya miyar lalo ce, bamiya miyar kuɓewa. Kifi akwai karfasa, da suke kira bulti, da giwan ruwa daga tafkin Nasser, wanda ke bayan babbar madatsar ruwa ta Aswan. Kifi da kilo ake sayarwa, don haka a auna a gabanka, a faɗi kuɗin gashi da na shinkafa da salak kafin a ɗora a wuta. Wurin da ba a yi haka ba, lissafin da za a kawo a ƙarshe ba zai yi maka daɗi ba.

Abin sha kuwa, zoɓo ne sarkin garin, karkade suke ce masa, ana sha da zafi ko da sanyi. Akwai ruwan goruba, dom, da na tsamiya, da na rake da ake matsewa nan take. Na rake ka sha a tsaye a wurin, minti kaɗan yake yi ya canza launi. Dabino da gyaɗa soyayya a yashi suna da arha a kasuwa, su ne guzurin da za ka riƙa sakawa a aljihun jaka. In ana sayen abu da awo, ka ce rubu'in kilo, ka tambayi kuɗin kafin a ɗaure. Shagunan kayan yaji na farkon kasuwa, ta wajen da motocin baƙi ke sauke mutane, sun fi tsada. Ka ƙara gaba inda matan gari ke saye.

Dokar zaɓen wurin ci ɗaya ce: inda layi yake, inda tukunya ke ƙarewa a sake ɗora wata. Abin da ke kawo gudawa yawanci ba dafaffen abinci ba ne. Salak ne da aka wanke da ruwan famfo, ƙanƙara da ba a san ruwanta ba, da miyar riɗi da ta wuni a buɗe cikin zafi. Kwana uku na farko ka bar ɗanyen ganye, ka ci 'ya'yan itacen da kai ka ɓare.

Ruwan famfo an sa masa magani, 'yan gari na sha, amma cikin baƙo bai saba da shi ba. Ka sayi na roba mai lita ɗaya da rabi, ka duba murfin bai taɓa buɗuwa ba. Sayen ƙunshi guda a kantin unguwa ya fi sayen ɗai-ɗai a Kornish sauƙi nesa ba kusa ba. Za ka ga randuna a bakin hanya an ajiye don sadaka, da kofi ɗaya na kowa. Ka jiƙa hula ko rawani da ruwan, amma kada ka sha. A lokacin sanyi lita uku a yini, a lokacin zafi huɗu zuwa biyar. Iskar wurin busasshiya ce ƙwarai, gumi na bushewa tun kafin ka ji shi, shi ya sa mutum ke ƙafewa bai sani ba. Fitsari ne ma'auni: in ya yi ja kuma ya ragu, ga ciwon kai, to ka makara, ka nemi inuwa. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita. Ka haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka sayi ƙunshinsa a kantin magani. In gudawa ta zo da jini ko zazzaɓi, ko ta wuce kwana biyu, asibiti za ka, ba kantin magani ba.

Batun shiga kogi: za ka ga yara na iyo, ruwan kuma garau, har ya ba ka sha'awa. Kada ba ya nan, suna can bayan babbar madatsa a cikin tafki. Abin tsoro biyu ne. Ruwan daga ƙasan tafki yake fitowa, yana da sanyi fiye da yadda ido ke gani, ga ƙarfin gudu tsakanin duwatsu. Na biyu tsargiya, wadda ƙwayarta ke zaune cikin katantanwar ruwan da ba ya gudu sosai, bakin gaɓa da magudanan gonaki, ta shiga ta fata. In har ka shiga, to ka yi gwaji bayan kamar wata biyu da dawowa, maganinta praziquantel ne kuma likita ke auna shi da nauyin jiki.

Ga 'yan'uwa mata masu karanta wannan da niyyar irin tafiyar: shigarmu ta gida, doguwar riga da mayafi, ta wadatar, ba a buƙatar ƙari. Faluka dai kada mace ta hau ita kaɗai da matuƙi bayan faɗuwar rana, ta nemi wasu baƙin masaukinta su haɗa.

Ɗan Canji:

Hajiya ta yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni takardu da kuɗi zan taɓa, don nan ne abin da ya shafi mai fasfo ɗinmu ya bambanta da abin da Turawa ke rubutawa.

Biza daga gida ake nemo ta, a ofishin jakadancin Masar, kafin a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Kada ka saka tramadol ko makamancinsa a jaka ko da na wani ne aka ba ka saƙo. A Masar laifin miyagun ƙwayoyi ne, an ɗaure baƙi a kansa. Duk maganin da kake sha ka bar shi a kwalinsa tare da takardar likita. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto shi ma a filin jirgi za a karɓe shi.

Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, mutane da yawa sun shigo ta mashigan kan iyaka na Ƙustul da Argin, kuma Aswan ce babban garin farko a hanyarsu. Saboda haka ana yawan binciken takardu a tasha da shingayen hanya, kuma kai da fatarka za a fara ɗaukarka Basudane ko Banubiye. Wannan na da amfani a kasuwa, don ba za a bi ka da kira kamar yadda ake bin Bature ba. A shinge kuwa yana nufin za a tambaye ka. Fasfo na ainihi ya kasance a jikinka duk lokacin da za ka bar gari ko ka hau jirgin ƙasa, cikin jakar da ke ƙarƙashin riga. Ka yi kwafi huɗu na shafin hoto da na biza, ka ajiye katin masaukinka mai adireshi da Larabci. In an tsayar da kai, ka miƙa, ka ce yawon buɗe ido ka zo, ka faɗi inda ka sauka. Kada ka ɗauki hoton shinge, gada, soja ko ofishin 'yan sanda. Lambar 'yan sandan kula da baƙi 126, motar asibiti 123.

Kuɗinsu fam ne, a baki gine. Ka tafi da dala sababbi marasa yagewa ko rubutu, ka canza a banki ko shagon canji mai lasisi, ka karɓi rasit. Canjin bayan fage laifi ne, kuma tun da aka saki farashin fam a Maris 2024 ribarsa ba ta kai kasadarsa ba. Bankuna Lahadi zuwa Alhamis suke aiki, Juma'a da Asabar hutu. Kada ka canza duka a rana ɗaya, kuma duk lokacin da ka canza ka roƙi a haɗa maka da takardun 5, 10 da 20. Ƙananan kuɗi su ne rayuwa a can: fito, bayan gida, shayi, ɗan ihsanin da suke kira bakshish. Mai riƙe da 200 kaɗai kullum cikin "babu canji" yake.

Wani abu da ke kama mutane: manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake sayen tikitinsu, ba a karɓar tsabar kuɗi a taga. Katin naira ba abin dogaro ba ne a waje, don haka ka tanadi katin dala, ka gwada shi a Alƙahira tun kafin ka gangara. In ya ƙi, mai masauki ko direba kan biya da nasa ka ba shi tsaba, da ɗan ƙari. Farashin baƙi za ka biya, ba na 'yan ƙasa ba, kome kyan Larabcinka. Ɗalibi mai katin ɗalibai na duniya yana samun rabin kuɗi, in bai wuce iyakar shekarun da aka sa ba.

Dabaru biyu da ake yi wa baƙi. Akwai takardar kwabo 50, wato rabin fam, da ake cusawa cikin canji a madadin fam 50. Ka karanta abin da ke rubuce, lambobin irin na Alƙur'ani ne, ka san su. Sannan in an ce maka "fam 20", ka tabbatar da bakinka cewa gine na Masar ake nufi, kuma kuɗin duka tafiyar ne, don akwai mai cewa daga baya fam na Ingila ya faɗa ko kuɗin awa ɗaya ne.

Layin waya: Vodafone, Orange, Etisalat (yanzu e&) ko WE, a shagon kamfanin da fasfo, ba a hannun yaron bakin titi ba. Kiran murya ta WhatsApp kan yi gardama a kan layukan ƙasar, saƙon murya kuwa yana tafiya. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga sai da mahaɗi; ɗan Nijar ba shi da wannan matsala.

Larabcinka zai yi aiki, za su gane ka, wasu su yi murmushi su kira ka shehi. Kai ne za ka sha wuyar gane su kwanakin farko, don a Alƙahira jimun sun mayar da ita "g", a kudu kuwa ƙaf ce ke zama "g". "Bikam?" na tambayar farashi, "la, shukran" na ƙin tayi. Ka faɗa sau ɗaya kana tafiya; wanda ya tsaya yana bayani ya buɗe ciniki ke nan.

Baƙon Nilu:

Madalla, na gode ƙwarai. Saura biyu: daga Alƙahira jirgin ƙasa ko na sama? Kuma mutum ɗaya zai iya zuwa Fila da Abu Simbel da kwanan faluka ba tare da ya biya kuɗin mutum biyar ba?

Malamin Hanya:

Jirgin sama awa ɗaya da rabi ne. Na ƙasa kusan kilomita 900, awa 13 zuwa 14 in bai makara ba, kuma yakan makara. Baƙi da farashi daban suke saye, da dala, don haka bambancin kuɗin bai kai yadda kake zato ba. Ka gwada biyun kafin ka yanke. In na ƙasa ne, ka karanta tikitin da kyau, domin ban da tashar Ramsis akwai sabuwar tashar Bashtil da aka buɗe a 2024 don jiragen kudu, kuma tsakaninsu akwai tafiya cikin cunkoso. Taragu masu na'urar sanyi daskarewa suke yi da dare, rigar sanyi da safa su kasance a saman jaka. Ka ɗaura igiyar jakar a ƙafarka ko ƙarfen kujera kafin barci.

Fila tsohon gidan bauta ne, a kan tsibirin Agilkiya yake, inda aka kai ginin dutse-dutse aka sake ɗora shi a shekarun 1970 saboda ruwa ya cinye mazauninsa na asali. Mota za ta kai ka mashigar Shallal, ka sayi tikiti, sannan ka gangara wurin kwalekwale. Kuɗin kwalekwale na jirgi ne gaba ɗaya, ba na kai ba, nan ne mai tafiya shi kaɗai ke cutuwa. Ka tsaya a bakin ƙofa ka jira wasu mutum biyu ko uku marasa ɗan jagora, ku haɗa ku raba. Ku daidaita kuɗin zuwa da dawowa da tsawon jira, awa ɗaya da rabi ya isa, ku riƙe sunan jirgin, ku biya bayan an dawo da ku.

Abu Simbel, shi ma tsohon gidan bauta, kilomita 280 ne kudu, awa uku zuwa uku da rabi cikin hamada. Kowane masauki na haɗa baƙi a ƙaramar bas da ke tashi wajen ƙarfe 4 na asuba, kuɗin kujera kawai za ka biya. A ba da kwafin fasfo kwana ɗaya kafin tafiya saboda izinin hanya. In a tsibiri kake kwana, a wannan lokacin jirgin jama'a bai fara aiki ba, sai ka sa mai masauki ya shirya maka kwalekwale tun dare. Kusan awa biyu ake ba ku a can, a dawo da rana. Asuba a hanya za ta same ku, ka fita da alwala. Ka kauce wa 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, ranakun da hasken rana ke shiga har ƙuryar ginin, sai dai in cunkoson kake so.

Ɗan Canji:

A kwanan faluka ina da ja, Malam, kafin ka ba shi shawarar ya je. Iskar Nilu daga arewa take busowa, ruwa kuma arewa yake gudu. Mai barin Aswan zuwa garin Kom Ombo da ke arewa yana bin ruwa ne yana karo da iska, sai jirgin ya riƙa saƙa daga gaɓa zuwa gaɓa. In iska ta yi yawa ba a tafiya, in ta ɗauke sai yadda ruwa ya ja ku. Shi ya sa wanda aka yi wa alkawarin kai shi Edfu, garin da ke gaba da Kom Ombo, cikin kwana biyu yakan ƙare a kusa da Daraw ko Kom Ombo, kimanin kilomita 45, a ƙarasa da shi a mota. Yawancinsu babu bayan gida, a kan katifa ake kwana a fili, a Janairu kuma bargo biyu ba ya isa. Ga mai ƙaramin aljihu, awa biyu kafin magariba a zagaya Elefantin da tsibirin lambun Kitchener ya ba shi abin da yake nema.

Malamin Hanya:

Gaskiya ne, ban musa ba, amma dare ɗaya ba laifi in an yi shi da ƙa'ida. Ka nemi jirgin ta hannun mai masaukinka, ba wanda ya tare ka a Kornish ba. Ka je ka ga jirgin da idonka, ka ƙirga barguna da rigunan ceto, ka san mutum nawa ne za su hau; shida zuwa takwas ne daidai, ƙasa da haka kuɗin kowa ya hau. A rubuta a takarda inda za a sauke ku, abinci sau nawa, ruwan sha na wa, da ko kuɗin motar ƙarshe na ciki. Ka tambaya da wane ruwa ake dafa shayi da wanke kwanuka, ka sayi naka na roba. Matuƙi zai karɓi kwafin fasfo don rajistar 'yan sanda, kwafi kawai, kada ka bar masa na ainihi. Rabin kuɗi a farko, rabi a wurin sauka. Daga Kom Ombo kana iya hawa jirgin ƙasa ka dawo Aswan cikin ƙasa da awa ɗaya, ko ka wuce Luksor in can ka nufa, don haka ka yanke tun kafin ka tashi ko za ka bar babbar jakar a masauki ko da ita za ka hau.